Huda Biyu a Jikin Rumbun Tihomir

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu Bukovik ya san warin shagon Tihomir tun kafin ya san fuskarsa: warin tsohon maiko, da man shafa wa katako, da gahawar da aka zuba tun safe aka manta da ita. Shagon a ƙasan gidansa yake, ƙofarsa na kallon rumbun ciyawa. Shekara arba'in da 'yan kai, babu tsohuwar bindigar soja a kwarin nan namu da ba ta hau teburinsa ba. Yawancinsu ƙirar Mauza ne, waɗanda soja suka gama yayinsu aka sayar wa maharba. Wasu kuwa kakanni ne suka dawo da su daga yaƙi suka cusa a rufin ɗaki, sai jika ya hau gyaran yoyo ya ci karo da ita, ya naɗe ta a bargo ya gangaro wurin Tihomir.

Ba ya gaggawa, kuma ba ya son mai gaggawa. Zai warware bindigar gaba ɗaya, ya dafa ƙarafan a wata tsohuwar tukunya da ya ara wurin matarsa Stanoyka ya ƙi mayarwa har ta bar duniya. Katakon kuma ya naɗe shi a jarida ya ɗora a kan rufi, rana ta yi ta dukansa sati guda har maikon soja ya tsattsafo kamar gumi. Bututun, sai ya tara farcen babban yatsansa a gindinsa don ya kama haske, ya leƙa ta baki, ya daɗe yana kallo, sannan ya gaya maka ko kakanka mai tsabta ne ko ƙazami. Mutane da yawa sun ji asirin kakanninsu a shagon nan ba su so ba.

Aikin ƙarshe shi ne ƙuda. Haka muke kiran ɗan tsinin ƙarfen nan na saman bakin bindiga wanda ake saiti da shi. Tihomir zai kai bindigar kwazazzabon bayan gida a gwada, ya dawo ya ɗan buga ƙudan da ƙusar tagulla, dama ko hagu, a sake gwadawa, har sai harsashi ya riƙa sauka daidai inda ido ya aike shi. Sannan ya ja layi ɗaya siriri wanda ya ratsa ƙudan da mazauninsa. Wannan layin shi ne sa hannunsa. A kasuwar birnin Ujitse, idan mai sayar da bindiga ya ce maka tana da layin Tihomir, magana ta ƙare.

Mutum ne mai tsadar magana. Ban ce miskili ne ba, a'a, baki ne dai Allah bai ba shi ba, ya haɗa masa duka a hannu. Ranar da aka binne Stanoyka bai yi kuka a gaban kowa ba, ya dawo ya gyara ƙofar gida da ta shekara biyar tana roƙonsa ya gyara. 'Yarsu ɗaya tal, Zorka, lokacin tana da shekara goma sha biyu. Da ta rasa wanda za ta zauna kusa da shi a sama, sai ta sauko shago. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: kafin ta cika ashirin tana warware Mauza tana hira, ba ta ko duban hannunta. Da idanun Tihomir suka fara rauni, ita ta karɓi gwajin harbi. Shi ya koya mata karanta huda a jikin allo.

"Duba nan, ɗana," haka yake kiranta, don a wajenmu idan son uba ga 'yarsa ya yi yawa ɗana yake ce mata. "Bindigar da ke watsa harsashi ko'ina, mara lafiya ce. Wadda ke zuba su wuri guda amma ba inda kika nufa ba, lafiyarta ƙalau. Ƙudanta aka taɓa."

Manema sun zo, sun sha gahawa, sun koma. Zorka ta kai shekara talatin da huɗu tana yi wa ubanta burodin masara da safe, tana tuna masa maganin hawan jini. Mu duka mun ɗauka haka za a ƙare, shi ma haka ya ɗauka, kuma ba zan ɓoye ba, daɗin hakan yake ji. Sai ga Velimir, ɗan ƙauyen tsallaken kogi, wanda ke aikin wutar lantarki a Kanada, ya zo hutun bazara. Ya zo bazara ta biyu kuma. A ta biyun nan ne Zorka ta fara sa ɗankunnen uwarta.

Sau uku ta tambayi ubanta, kuma duka ukun a shago, yana tsaye a kan aiki.

"Baba, Velimir ya yi magana."

"Na ji."

"Kanada fa ba Ujitse ba ce, da zan zo ran kasuwa in koma."

"Na sani. Ni ma na ɗan je makaranta."

"To me ka ce?"

"Yaron kirki ne. Miƙo min magagarin can."

Ta miƙa masa. Karo na biyu ya ce rayuwarta ce. Karo na uku ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe, ta ce, "Baba, wa zai riƙa yi maka gwaji?" Ya ce ai tabarau na nan. A cikinsa kuwa kalma ɗaya ce ke ta kai da kawowa, zauna, ta hau har maƙogwaro ta koma. Yana ganin abin kunya ne namiji ya roƙi 'yarsa. Aka sa biki ƙarshen watan tara, bayan an gama tsinkar 'ya'yan itace.

A bikinmu, uban amarya ne ke rataye tuffa a wuri mai tsayi, kuma dangin ango ba sa shiga tsakar gida sai wani cikinsu ya harbo ta. Amarya na ciki, ba ta fitowa sai tuffa ta taɓa ƙasa. Maharbin dangin Velimir shi ne baffansa Obrad, abokin Tihomir tun suna soja tare. Shi kuwa Obrad abin da aka hana Tihomir na baki shi aka ba wa duka. Saura kwana goma biki ya shigo shago da Mauzar babansa a kafaɗa, ya tarar da dattawa uku a kan bencin ƙofa suna shan hantsi.

"Maƙeri! Ga tsohuwa na kawo maka. Ka gyara ta da kyau, da ita zan raba ka da 'yarka."

"Yaushe rabonka da goge ta? Kaza ma ta fi ka tsabta."

"Kai dai yi aikinka. Kuma ka rataye tuffar nan inda ka ga dama, ko a wutsiyar gajimare."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Obrad, ka fa tsufa. Bara an ce ka harbi kututture ka ce gadu ne."

"Wa ya ce? Uban wa ya ce?" Obrad ya cire hula ya buga a gwiwa. "To ku zama shaida, ku ukun nan da ba ku da aikin yi. Harsashi uku zan sa. In na uku ya fita tuffa na sama, na rantse da kabarin babana, zan juya da jama'ata mu koma. Gidan da ba zai iya kayar da tuffa ba bai cancanci Zorka ba."

Aka yi dariya, aka ce baki shi ke yanka wuya. Tihomir kaɗai bai yi dariya ba. Ya san Obrad. Mutumin da ya taɓa tafiyar yini guda a ƙafa cikin ƙanƙara don kawai ya ce zai je, ba zai karya rantsuwa da kabarin uba a gaban shaidu ba.

Tihomir ya yi wa bindigar nan aikin da bai taɓa yi wa wata ba. Ya fitar da tsatsar da ta maƙale a lungun kunama, ya sauya wani ɗan ƙarfe da ya gaji, ya shafa wa katakon mai sau bakwai har ƙirar itacen ta fito. Zorka ta bar ɗinkin biki ta bi shi kwazazzabo, ta kwanta a kan tsohon bargon soja, ta saki uku daga taki hamsin. Huda ukun suna taɓa juna a tsakiyar allo.

"Aikinmu na ƙarshe ke nan, Baba," in ji ta, tana kaɗe siket.

Ya ce, "Uhm." Suka dawo, ya ja layinsa tana kallo.

Ana gobe biki da la'asar, gida ya cika da mata suna yanka kabeji a manyan tukwanen ƙasa. Tihomir ya hau sama neman tabaransa, ya ga akwatuna biyu a bakin ɗakin Zorka, an ɗaure su, an rubuta sunan wani gari da ba ya iya furtawa. A kan ƙusar bango kuma ga rigar aikinta mai tabon maiko, ba ta sa ta a kaya ba. Ya tsaya yana kallon rigar, yana jin dariyarta a ƙasa cikin mata. Zuciyarsa ta karye a wurin, karyewar da ko ranar mutuwar Stanoyka bai ji irinta ba, don ita Stanoyka ba da son ranta ta tafi ba.

Ya sauko shago ya tura ƙofa. Bindigar Obrad na kan tebur tana jiran mai ita. Ya matse ta a maɗauri, ya ɗauki ƙusar tagulla da ƙaramar guduma, ya yi bugu ɗaya. Ƙudan ya gusa dama kamar kaurin ƙwayar gero, layin ya rabu biyu. Ya lakato baƙin hayaƙi daga murhu ya shafe wurin. Shekara arba'in bai taɓa cutar ko baƙon da ba zai sake gani ba, ga shi ya fara da amininsa. Da Obrad ya zo karɓa, ya juya ta a hannu yana ta yabo, bai ko kalli ƙudan ba. Wa ke duba aikin Tihomir?

Da safe Tihomir ya rataye tuffar da kansa, ja, babba, a jikin katakon saman rumbun ciyawa, saboda tudu ne a bayansa, shi kuwa bai yarda a yi harbi sama harsashi ya je ya sauka a kan ɗan wani ba. Wajen hantsi masu begila suka ɓullo ta gada, motoci da tawul a ɗaure a madubi, tuta a gaba, kwalbar barasar gida na yawo daga hannu zuwa hannu. Suka yi cirko-cirko a bakin shinge. Rana tas, ko ganye ba ya motsi.

Obrad ya fito tsakiya da sabuwar hula, ya ɗaga harsashi uku kowa ya gani, ya sa. Ya ɗora bindiga a kafaɗa, ya saki. Katako ya yi ƙara, tuffa ko girgiza ba ta yi ba.

"Gaisuwa ce wannan!" wani ya yi ihu. "Ya gai da surukai!"

Aka yi shewa. Obrad ma ya yi yaƙe, ya goge ido da bayan hannu, ya gyara tsayuwa. Wannan karon ya daɗe yana saiti. Ya saki na biyu. Tuffa na nan.

Masu begila suka sauke begila. Kowa ya ji labarin rantsuwar, kuma kowa ya ga yadda jini ya gudu daga fuskar Obrad. Velimir ya matso yana cewa, "Baffa, don Allah, wasa ne fa, bari a kaɗo ta da sanda," Obrad ya ture shi da gwiwar hannu bai dube shi ba. Tihomir na tsaye a ƙofar shago cikin kwat ɗin da ya yi aurensa da shi. Abin da ya nema ga shi ya zo saura harsashi ɗaya, amma bakinsa ɗaci kamar ya tauna maɗaci.

Jama'a tuffa suke kallo. Mutum ɗaya ce ke kallon katakon gefenta. Daga tagar sama Zorka tana ganin huda biyu manne da juna, tafin hannu guda a hagun tuffar. Tagar ta buɗe, ga amarya da lulluɓinta, abin da ba a taɓa yi ba.

"Baffa Obrad!"

Kowa ya ɗaga kai.

"Iska ce ke tasowa daga kwari, ku a ƙasa ba kwa jin ta. Ka ba ta tafin hannu guda zuwa dama."

Obrad ya dubi bishiyoyi, ya dube ta. "'Yar nan, wace iska?"

"Baffa, ni nake sama. Tafin hannu guda, dama."

Ya yi yadda ta ce. Tuffar ta tarwatse, rabinta ya faɗo a kan ciyawa. Begila ta ɓarke, mata suka rangaɗa guɗa, samari suka ɗaga Obrad sama yana dariya. Tihomir ya ɗaga ido ya dubi tagar. Zorka ba tuffa take kallo ba, shi take kallo, sannan ta ja tagar ta rufe.

Aka fito da amarya, aka ci, aka sha. Ana shirin tafiya coci ta je wurin Obrad ta ce ya ba ta bindigar ta goge mata baki, kada hayaƙi ya kwana a ciki. Mutane suka yi dariya, suka ce 'yar maƙeri ko ranar aurenta. Ta tattare farar rigarta ta shiga shago. Tihomir ya bi ta, don bai san inda zai sa kansa ba.

Ta matse bindigar a maɗauri, ta goge baƙin hayaƙin da yatsa, layin ya fito a rabe. Ta ɗauki ƙusar tagulla, ta yi bugu ɗaya, layin ya haɗe. Ta mayar da guduma inda take zama.

"Ɗana..."

"Sau uku na tambaye ka, Baba." Muryarta ƙasa-ƙasa, kada na waje su ji. "Sau uku. Ka ce min yaron kirki ne, ka ce in miƙo magagari. Ka gwammace ka kunyata Baffa Obrad a gaban ƙauye biyu, ka ɓata layinka da hannunka, da ka buɗe baki ka ce min zauna."

Ya dafa tebur. Da ƙyar ya ce, "Da na faɗa, da me za ki ce?"

Ta daɗe tana dubansa, hawaye na gangarowa yana ɓata kwalliyar da matan suka sha wahalar yi.

"Da ka tambaya lokacin, da ka ji."

Ta kama hannunsa na dama, wanda ya yi bugun, ta sumbace shi kamar yadda amarya ke yi wa ubanta, ta ɗora a goshinta. Ta ɗauki bindigar ta fita. Baƙin hayaƙin yatsanta ya bar ɗan tabo a gefen farar rigar, kuma da tabon aka ɗaura mata aure.

Shekara tara ke nan. Asirin bai fita ba sai da shi Tihomir ya gaya min da bakinsa bara, da ciwo ya kwantar da shi. Obrad ya yi ta ba da labarin iskar nan a gidan gahawa, amma maharbi ne, ya san babu iska ran nan. Da yake bai taɓa kawowa a ransa cewa bindiga mai layin Tihomir za ta yi ƙarya ba, sai ya yanke cewa idonsa ne ya tafi. Ya rataye Mauzar a bango, bai ƙara shiga daji ba. Duk sati yana zuwa shago ya zauna a benci ya ce, "Maƙeri, tsufa ba ta da kunya," Tihomir ya zuba masa gahawa. Ya yi niyyar faɗa masa ba sau ɗaya ba, har aka binne Obrad shekara uku da suka wuce niyyar na nan a niyya.

Har yanzu in ka kai wa Tihomir tsohuwar bindiga zai dafa maka ita, ya fitar da tsatsa, ya shafa wa katako mai. Amma idan aka zo kan ƙuda sai ya miƙa maka abarka ya ce ka kai Ujitse, akwai wani yaro a can da ya iya. Tun ranar bikin bai sake jan layi ba. Rigar aikin Zorka na nan a kan ƙusarta, huda biyun ma na nan a jikin rumbu, bai toshe su ba, duk da ruwan sama na shiga ta nan yana ruɓar masa da ciyawa.

Zorka na bugo waya kowace Lahadi bayan an taso coci. Ba ta taɓa fasawa ba, kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Tana tambayarsa maganin hawan jini, ta ba shi jikokinsa biyu su gaishe shi da gurgun Sabiyancinsu, wato harshenmu, shi kuma ya gaya mata ko an yi ruwa. Ya ce min tun daga ranar Laraba yake fara haɗa tambayar a bakinsa, wato da ya ce ta zauna, ko da ta zauna, ya maimaita ta yana aiki har ya haddace. Ran Lahadi idan hira ta zo ƙarshe, sai ta ce, "Baba, akwai wani abu?"

Shi kuma ya ce, "Babu, ɗana. Ki gai da Velimir."